Wata uku ina buga ches a waya, har yau cinye ni ake yi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Wata uku ke nan da na fara koyon darar ches a waya, ba ni da malami, ba ni kuma da halin biyan kuɗin darasi. Na san tafiyar kowane ɗa, har ta doki da ta fi ba ni wuya. Amma da na kara da mutum sai ya yi kaca-kaca da ni. Jiya a tafiya ta huɗu aka kashe mini sarki: sarauniyarsa ta faɗo gidan f7 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa) ina kallo, ban ma san an gama ba sai da allon ya tsaya. Abin ya yi mini ciwo, don ina son wasan nan har zuciya. Bidiyon buɗe wasa kuwa na kalla ba adadi a YouTube, ina haddacewa, amma da abokin karawa ya kauce wa haddata sai kaina ya ɗaure. Don Allah wace hanya ce ta kyauta za ta fisshe ni?

Amsar wani ɗan'uwa:
Wa alaikumus salam. Kada ka karaya, kusan kowa ya taɓa faɗawa wannan tarkon. Duba allon da kyau: a farkon wasa, sojan da ke f7 ba shi da mai tsaro sai sarki kaɗai, shi ya sa ake haɗa masa sarauniya da bishof. In sarauniyar ta fito h5, kare sojanka na e5 da doki zuwa c6. In bishof ya zo c4, tura soja g6 ka kore ta. In ta koma f3, fito da ɗaya dokin f6, ka toshe hanya. Shi ke nan.

Sannan ka ajiye haddar nan tukuna. Buɗe Lichess, dandalin buga ches a intanet. Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa shi a 2010, kuma komai a cikinsa kyauta ne, ko talla babu. Ka bi sashen koyo daga farko, sannan kullum ka warware wasan wasa-ƙwaƙwalwa ko da goma ne. A nan idonka zai saba da yadda doki ke ritsa sarki da sarauniya lokaci guda. Chess.com ma yana da kyau, sai dai wanda bai biya ba ana ƙayyade masa adadin da zai yi a rana.

Wata 'yar'uwa ta tambaya:
Malam, wasan minti nawa kake bugawa?

Mai tambaya:
Minti 3, wani lokaci minti 1.

Ta ce:
To ga ciwon nan! Yaushe za ka yi tunani a minti 3? Koma minti 15 mai ƙarin daƙiƙa 10 a kowace tafiya. Kafin ka taɓa ɗa, tambayi kanka me tafiyarsa ta ƙarshe take nufi, kuma gidan da za ka sauka wa ke gadinsa. Ni ma na daɗe ina zubar da 'ya'ya a banza, sai da na riƙa ɗaga yatsana daga kan waya ina duba allon gida-gida. Ka riƙe darajarsu kuma: soja 1, doki da bishof 3, hasumiya 5, sarauniya 9, don ka san musayar da ta ci riba.

Wani dattijo a cikinmu:
Duk sun faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, yaro, kada ka bar wasan da aka cinye ka ba tare da ka sake dubawa ba. Amma fara da kanka, ka nemo inda ka zame, kafin ka kunna Stockfish, injin nazarin wasa da ke cikin Lichess, ya nuna maka. In ka fara da shi, amsa kawai za ka gani, dalilin zai wuce ka. Kuma ka koyi kashe sarki da hasumiya ɗaya da sarkinka, ka maimaita har ya zauna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na buga na minti 15. An ci ni, amma sai a tafiya ta 41, kuma na gano da kaina inda na bar dokina ba tsaro.