Musayar Waƙa a Kan Yaƙin Winterfell

Kashi na uku na zango na takwas na shirin talabijin mai suna Game of Thrones, wanda tashar HBO ta nuna ranar 28 ga Afrilu, 2019, ya ƙunshi yaƙin rayayyu da rundunar matattu ta Sarkin Dare a Winterfell, mazaunin gidan sarautar Stark da ke arewa, kuma tsawonsa minti 82 ne.

Ɗan Gobir:

Shekara takwas muna jiran wannan dare,
Da ya zo, idona bai ga abin da aka yi ba.
Na kashe fitila, na ƙara hasken talabijin,
Duk da haka ban rarrabe mutum da doki ba.
An ce dare 55 aka kwashe ana ɗauka,
Ina amfanin wahalar da ba a gani ba?
Fabian Wagner, mai ɗaukar hoton, ya ɗora wa akwatunanmu laifi,
Wannan uzuri kam bai shiga kunnena ba.

'Yar Zazzau:

Yaya Ɗan Gobir, sassauta ka ji tawa,
Duhun da kake zagi shi ya sa gabanmu faɗuwa.
Ka tuna matsafiya Melisandre ta kunna wa mayaƙan Dothraki takubbansu,
Suka zabura a kan dawaki, wuta tana walƙawa.
Daga nesa muka riƙa hango hasken nan,
Ɗaya bayan ɗaya yana ta mutuwa.
Ba a nuna mana abin da ya cinye su ba,
Sai ga dawaki ba mahaya suna gudowa.
Da an haska filin nan kamar rana tsaka,
Da tsoron da muka ji ba shi samuwa.

Malam Na-Katsina:

Ƙanwata, kin yi gaskiya a kan kyan hoto,
Ni tambayata tana kan dabarar yaƙi.
Wane sarkin yaƙi ne zai ga ganuwa a bayansa,
Sannan ya fitar da dakarunsa ya jera su a fili?
Sun san Sarkin Dare yana tayar da matattu,
Suka miƙa masa barade kyauta, ya ƙara ƙarfi.
Mata da yara kuwa aka tura su ɗakin ƙasa,
Inda gidan Stark suke binne nasu, wai neman tsari.
Tyrion da ake yabon basirarsa yana ciki zaune,
Har gawarwaki suka faso daga kabari.

'Yar Zazzau:

Malam, ban musa ba, shirin nasu ya yi rauni,
Amma Lyanna Mormont ta isa yabawa.
Yarinya ƙarama, ƙato ya matse ta a tafinsa,
Ta soke shi a ido tana dab da cikawa.
Theon ma ya tsare Bran ɗan gidan Stark har kibansa suka ƙare,
Ya ruga da mashi, alhali ya san babu dawowa.

Ɗan Gobir:

Na Theon na yarda, ya wanke laifinsa da jininsa,
Ƙarshen yaƙin ne bai gamsar da ni ba.
Tun a yaƙin Hardhome jarumi Jon Snow ya haɗa ido da Sarkin Dare,
Ga shi har aka tashi ba su gwada takobi ba.
Jon yana can dodo Viserion ya tare masa hanya,
Sai Arya 'yar gidan Stark ta diro daga inda ba a nuna mana ba.
Sarkin Dare ya shaƙe ta, ta saki wuƙar, ta cafe da ɗaya hannun ta soke shi,
Ban ce wannan bai burge ni ba.
Sai dai maƙiyin da aka yi zango bakwai ana tsoro,
Bai kamata ya ƙare da suka ɗaya ba.
Lokacin saura kashi uku, Sarauniya Cersei tana zaune a birnin King's Landing,
Ko runduna ɗaya ba ta aika arewa ba.