Algus, ha'inci, zamba: dan Allah masana Hausa ku raba mu gardama

Salamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Asabar. Na sayi buhun gero a Dawanau, sama fes, da na juye a gida sai ga tsakuwa da ƙaiƙayi kusan kwano biyu a ƙasa. Na ce an min algus, Kawu ya ce a'a ha'inci ne, ƙanina kuma ya ce ai Yaya 419 kawai aka maka, daga nan muka bar zancen gero muka koma musun kalmomi har aka kira isha'i.

Ni dai na san algus daga Larabci ne, al-gish, irin na hadisin nan da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa. Ha'inci ma daga kha'in ne, mai cin amana. 419 kuwa lambar sashe ce a Criminal Code, dokar laifuffuka ta kudancin Najeriya, mu nan Arewa Penal Code ake amfani da ita amma sunan ya bi bakin kowa.

Inda na maƙale shi ne zamba, damfara, maguɗi da coge. Hausa ce tsantsa ko su ma aro ne? Kuma me ya sa ake cewa maguɗin zaɓe amma satar jarabawa, ban taɓa jin an ce algus ɗin zaɓe ba? Kawu ya dage wai zamba sai da yarda a tsakani, shi ya sa ake cewa zamba cikin aminci, ni kuma ina ganin da haka ne ai ba sai an ƙara "cikin aminci" ba. Waye da gaskiya a cikinmu?