Shylock mugu ne ko wanda aka zalunta? A taimaka min

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da adabi a wata sakandare, na maƙale a kan Shylock, Bayahuden wasan Shakespeare, The Merchant of Venice.

Yawancin ɗalibaina sun ce mugu ne: kan bashin ducat 3,000 (kuɗin Venice na wancan zamani) ya kafe sai ya yanki naman jikin Antonio, ɗan kasuwar da yake bi bashin, har wuƙa yake wasawa a gaban kotu. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, ba Antonio ne ya tofa masa yawu ba? An gudu da 'yarsa Jessica, an tilasta masa barin addininsa." Wallahi na rasa ta cewa.

Litinin za mu kwaikwayi zaman kotun. Yaya zan nuna muguntarsa ba tare da yara sun ɗora laifin a kan Yahudancinsa ba?