Concurrence da Hausa: gasa, takara ko gogayya?

Jama'a ina neman taimako. A rediyo in ana maganar mai sai ka ji kalmar Faransanci "concurrence" tsirara ba a fassara, tsofaffi na ta tambaya mi ake nufi.

Ga inda maganar ta taso. SORAZ, matatar manmu ta hanyar Tanut, tun 2011 take tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60 Nijar na da 40. Amma shekara da shekaru wanda ya fi takura mata a nan Damagaram ba wata matata ba ce, 'yan ruwa-ruwa ne, isansin Najeriya mai tallafi da ke shigowa ta Magariya da Matamaye a bido, a jera shi buteli-buteli bakin titi, ɗan kabu-kabu ya tsaya a zuba mai da mazurari ya wuce. Sai Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023, man can ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai, ganga dubu ashirin ta kasa ɗaukar ƙasar, kun dai tuna layin da aka sha a Maris 2025. Ga kuma Dangote da matatarsa a Legas, ganga 650,000 a rana, ya fara a 2024, ya ninka tamu fiye da sau talatin, yana tura tataccen mai kasuwannin da a da Turai ke ciyarwa.

To wannan turereniyar mi sunanta?

Wani ya ce gasa. Ban ƙi ba, wasu gidajen rediyo ma ita suke cewa, amma gasa akwai alƙali akwai ranar gamawa, kamar kokawa a ɗauki takobi kowa ya tafi gida. Kasuwar mai ba ta da ranar tashi.

Takara kam a bar wa 'yan siyasa.

Wata hajiya ta rubuto min wai a ce kishi, matatu kishiyoyi ne, miji ɗaya suke nema wato mai saye 😂 Hajiya Allah ya ƙara girma, ta burge ni wallahi, sai dai ba za ka ce wa minista "kishin matatu" a labaran ƙarfe takwas ba.

Ni na tsaya kan GOGAYYA, gogayyar kasuwa. Tana da kafaɗa a ciki, kowa na goga ɗan'uwansa kullum, farashi da farashi, sitiyan da sitiyan a kan iyaka, kuma tana juyuwa: abokin gogayya shi ne concurrent, ƙarfin gogayya compétitivité. Gwada a baki: "SORAZ ba ta da ƙarfin gogayya da Dangote a bakin teku, amma Agadas da Diffa nisa na kare ta, kuɗin mota daga Legas kaɗai ya isa."

Malaman jami'a da 'yan jarida, in akwai gyara ku faɗa. Saura dumping, mai karya farashi da gangan don ya kashe na kusa da shi, wani ya ce "karyar da kasuwa", ni dai bai zauna min ba tukuna.