Kilen wifi da zai yi aiki da Linux: wanne kuka gwada?

Ɗalibi, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na sa Linux Mint a tsohuwar laftof ɗin da yayana ya bar mini. Komai ya tashi lafiya lau, sai wifin ciki wanda dama tuni ya mutu. Na shiga babbar kasuwa na sayo kile, wato ƴar na'urar wifi da ake sokawa a ramin USB, a kwalinsa ma an rubuta yana aiki da Linux. Na soka shi, ko ƙyaftawa fitilarsa ba ta yi ba. Akwai faifai cikin kwalin, amma laftof ɗin ba ta da wurin sa faifai. Kuɗin ɗalibi ne, ba na son in sake asara. Don Allah duk wanda ya taɓa saye ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai gyaran kwamfuta, unguwar Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Irin wannan kukan kusan kullum sai an kawo mini shi shago. Sunan da ke kwali ba shi ne abin dubawa ba, ƙwayar da ke cikin kilen ita ce magana, don Linux da ita yake gaisawa. Buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lsusb, zai nuna maka lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu. In ka ga 148f:7601, MediaTek MT7601U ce, direbanta, wato manhajar da ke sa ta aiki, yana cikin kanel (zuciyar Linux) tun sigar 4.2, sokawa kawai za ka yi. In ka ga 0cf3:9271, Atheros AR9271 ce, ita ma ba ta da rigima. Ralink RT5370 da RT3070 tsofaffi ne, amma har yau ina sa wa mutane su ba a dawo mini da ƙorafi ba. Sai dai ka sani, duk waɗannan a 2.4 GHz kaɗai suke aiki.

Malamar lakkol:
Ni tawa wahalar daban ce. Nawa kilen direbansa ba ya cikin kanel, sai an sauko da shi daga intanet, intanet ɗin kuma shi nake nema! Wani ɗalibina ya haɗa wayata da laftof ta igiyar caji, ya kunna raba intanet ta USB, muka sauko da shi, muka ɗora shi da DKMS, manhajar da ke haɗa direba da kanel. Wata biyu ina jin daɗi. Ran da na sabunta na'urar, sabon kanel ya shigo, direban ya ƙi haɗuwa da shi, wifi ya ɓace, ga sakamakon jarrabawar yara ina son aikawa a daren. Wallahi har hawaye na yi. Tun daga nan ban ƙara sayen wanda sai an ɗora masa direba daga waje ba, komai arharsa.

Mai kawo kaya daga Kano:
Malam mai gyara ya yi gaskiya, bari in ƙara abu guda. Mutane na zuwa suna neman TP-Link TL-WN722N don sun ji ana yabonsa. Wanda ake yabo shi ne v1, mai AR9271. Na v2 da v3 ƙwayar Realtek RTL8188EUS ce a ciki, alhali suna ɗaya, kama ɗaya. Ka juya kwalin ka duba ƴar takardar da ke manne kusa da lambar kaya, nan ake rubuta V ɗin. V1 sabo yanzu da wuya ka same shi ko a Kano, sai na hannu.

Ma'aikaci, Sabon Gari:
Ga mai son 5 GHz, ni Alfa AWUS036ACM nake amfani da shi, mai MT7612U, wanda ya shiga kanel tun 4.19. Ya fi sauran tsada, gaskiya, kuma daga Yamai aka aiko mini. Masu Debian kuma, wato wani nau'in Linux, in kilen ya fito a lsusb amma ya ƙi aiki, ku duba ko famwaya, wato ƴar manhajar da ake loda wa ƙwayar kilen, ce ba a sa ba, kamar firmware-atheros. Daga Debian 12 na 2023 faifan sakawa yana zuwa da su.

Mai gyaran kwamfuta, unguwar Zariya:
Na manta abu ɗaya. Wasu kilen in ka soka su, suna fara nuna kansu kamar faifai mai ɗauke da direban Windows. Sai manhajar usb_modeswitch ta juya su kafin su zama wifi. Ƙanena, turo mini abin da lsusb ya nuna, wataƙila naka bai mutu ba.

Ɗalibi, Ali Ɗan Sofo:
Allah ya saka muku da alheri. Yaya, na duba, a matsayin faifai ya fito kamar yadda ka ce. Na juya shi, amma direban nasa irin na Malama ne, kuma labarinta ya tsorata ni. Jiya na ɗauki laftof ɗin na koma wurin mai shagon, ya yarda muka yi ta sokawa ɗaya bayan ɗaya. Na uku ya nuna 148f:7601, nan take sunayen wifin maƙwabtan shago suka jeru. Na cika masa jikka guda muka yi musaya, da shi nake rubuto muku yanzu.