Musayar Baitoci: Me Kuka Kalla a Makon Nan?

Malam Garba, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ƙa'ida tana nan yadda take: da baiti ake magana, a faɗi abin da aka kalla, a nuna inda aka gyara da inda aka ɓata, a kawo dalili. Ba a kama sunan sabon fim ko mai shi, da labarinsa ake gane shi, tunda duk mun san kasuwar.

Da sunan Allah nake buɗewa,
Ban fara zance da waninSa ba.

Na kalli fim kan rabon gado,
Awa 2 cur, bai gundure ni ba.

Gida guda ne, magada 6,
Marubucin bai ƙara ko ɗaya ba.

A minti 10 na farko kacal,
Ba wanda ban gane nufinsa ba.

Yaya na so a sayar a raba,
Uwarsu da auta ba su yarda ba.

Da malam ya zo ya buga lissafi,
Ban ga inda ya kauce ba.

Kashi 8 aka yi wa gidan,
Matar mamaci 1, tumuni, ba ta wuce ba.

Maza 2, kowa ya ɗauki 2,
Mata 3, ɗai-ɗai, ba a rage ba.

Wannan alama ce an yi tambaya,
Ba a zauna a ɗaki an ƙaga ba.

Shafin rubutun fim guda, minti guda ne,
Ma'aunin nan bai sauya ba.

Awa 2 na son shafi 120,
Kuma ba a cike su da iska ba.

Mai gadi bai cinye mana fage
Da buɗe get da rufewa ba.

"Ina kwana, ina gajiya, ya yara,"
Ba ta kai ko rabin minti ba.

Ku neme shi, shawarata ke nan,
Ban ce ku bari sai gobe ba.

Sani Mai Sauti, Kawo

Malam Garba, na ji bayaninka,
Labarin ya kai yadda ka ɗauka,
Amma ka sa abin ji a kunnenka,
Ka ji irin ɓarnar da aka yi wa sauti.

Janareto na nan bakin zaure,
Shi da kukan uwar suna tare,
Magani doguwar waya, a kore,
Mita 30 bayan katanga, a ceci sauti.

Makirufo an ɗaure shi a kyamara,
Mita 4 daga baki, ina gyara?
Wurinsa shi ne bisa kan gora,
Kamu 1 saman kai, nan ake kama sauti.

Ƙaramin na maƙalawa a wuyan yayansu,
Shadda mai sitaci ta cuce su,
Ya ɗaga hannu, ƙarar ta rufe su,
Filasta ake sawa, kar yadi ya gogi sauti.

Falo mai tayil, bango siminti,
Murya na dawowa kowane minti,
Kamar ana magana a cikin akwati,
Bargo a bango, darduma a ƙasa, su tsotse amon sauti.

Fanka da firji duka a kashe,
Kafin a ce "ɗauka", ko yaushe,
Sa makullinka a firjin, don a ƙarshe
Ka tuna ka kunna, bayan an gama da sauti.

Sai shirun ɗaki, abin da suka manta,
Minti 1 kowa ya tsaya ya huta,
A naɗe shi, mai haɗawa ya sami gata,
Ya cike giɓi, kar a ji tsalle a sauti.

Da suka ga ɓarna sai ƙarin kiɗa,
Fiyano da kuka aka haɗa,
Ba ka jin rabin abin da take faɗa,
A fagen da ya fi buƙatar tsabtar sauti.

Anti Rabi, Unguwar Rimi

Sani ya buɗe kunne ya rufe ido. Bari in kare fim ɗin ta ɓangarena, sannan in kawo wanda ya ɓata min rai.

Ƙanena Sani, ka faɗi gaskiya,
Amma hoton ya cika idona.

Da sassafe da la'asar sakaliya
Suka ɗauka, don gudun tsakar rana.

Rana tsaka na zuba inuwa
A kwarmin ido, ta ɓoye ma'ana.

Farar shadda a kan baƙar fata,
Nan ne gwaninta take bayyana.

In ka bi riga, fuska ta nutse,
In ka bi fuska, rigar ka ƙona.

Su sai suka sa farin allo daga ƙasa,
Fuska da riga suka daidaita da juna.

Wanda ban so ba, mai dogon zango ne,
Na ma'aikaciyar jinya, na bana.

Fitilar asibiti na ta ƙyaftawa,
Ratsi na bin allo, ido na ƙuna.

Wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa,
Daga Legas har nan Kaduna.

Kyamara an bar ta a saitin Amurka,
Mai bin 60, ba wanda ya auna.

Sa hoto 25 a kowace daƙiƙa,
Shota, marufin idon kyamara, a kan 50, sai ka zauna.

Ƙwan fitila mai ja-ja 3200 ne a ma'aunin launin haske,
5600 kuwa hasken rana.

Sun haɗa biyun a ɗaki guda,
Fuska ta rabu, launi 2 ta nuna.

Zaɓi guda ne, ko a rufe taga,
Ko a kashe ƙwan da aka kunna.

Sai layin da ke tsakanin mutum 2,
In sun fuskanci juna da magana.

Kyamara ta tsaya a gefe guda,
Tsallake layin shi aka hana.

Sun tsallake, sai likita da majinyaci
Duk dama suke kallo, ba sa ganin juna.

Kofin shayi cike a hoton nesa,
A na kusa wayam, wa zai tuna?

Aikin mai lura da ci-gaba ne,
Ya ɗauka a waya, ya rubuta, ya adana.

Kashi 4 na farko sun ci kallo,
Daga nan ja ne kawai, a ƙara kwana.

Baba Audu, Unguwar Sarki

'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari,
Kun auna sauti, kun auna tsari,
Ni na kalli na zamanin wuri,
Fim na fada da yaƙi da sarki.

Duwatsu sun fito irin na Turunku,
Mai kyamarar, Rabi, ɗan gidanku,
Amma mu buɗe ido, ni da ku,
Mu ga turken lantarki a bayan doki.

An ce kafin zuwan Turawa,
Kafin 1903 ake nunawa,
Ga rufin kwano yana haskawa,
Ga butar roba a ƙofar ɗaki.

Ga Waziri da agogo a hannu,
Ana cinikin naira a kan shanu,
Naira ta zo 1973, a bi sannu,
Keson wuri ake bayarwa, 20,000 a ciki.

Barde ba lifidi, ba kwalkwali,
Shaddar kanti tana ta ƙyalli,
Saƙi da rinin baba ne asali,
Masaƙa da marina na nan, a ba su aiki.

Bafade ya shigo bai faɗi ba,
Takalmi a ƙafa bai cire ba,
"Ranka ya daɗe" ma bai iya ba,
Hausar titin Ahmadu Bello ce a baki.

Garin nan fa ba baƙon wasa ba ne,
Gidan talabijin tun 1962 ne,
Samanja da Ƙasimu Yero namu ne,
Su suka nuna mana wasan kirki.

Tsohon aiki kam zan kama sunansa, tunda yabo ne.

A nemi Shaihu Umar a duba,
Na 1976, bai tsufa ba,
Adamu Halilu bai yi gaggawa ba,
Ku ga rawani da ayari, ku sha mamaki.

Na yanzun, abin yabonsa fagen hawa,
Kakaki da tambari na amsawa,
Mahayan gaske ne ke sukuwa,
Don shi kaɗai ku kalla, kamar ranar biki.

Ummi, Rigasa

Baba, Allah ya ƙara girma,
Ga 'yarku da nata daga Rigasa.

Na koma fim ɗin Malam Garba,
Na bi rubutun da ke fita a ƙasa.

Fassarar Turanci ce domin baƙi,
Waɗanda ba sa jin Hausa.

Malamin rabo ya ce tumuni da bakinsa,
Aka rubuta 1 cikin 3 a madadinsa.

Sulusi daban ne, tumuni daban,
Kashi 8 ɗin nan duk sun kasa.

Mai bin rubutu zai ce zalunci ne,
Alhali malamin ya yi aikinsa.

Layi 2 ne iyaka a allo,
Nasu na 3 ya hau haɓar ɗan wasa.

Harafi 42 a layi ya wadatar,
Fiye da haka ido ba ya iya binsa.

Daƙiƙa 1 ce mafi gajarta,
7 kuma ita ce iyakarsa.

Wani na walƙiya ya ɓace,
Wani ya kwana, mai maganar ya yi nisa.

Farin rubutu a kan farar shadda,
Ba baƙin gefe, dole ka rasa.

Karin magana ma'ana ake bi,
Kalma-kalma ke kashe armashinsa.

Yaya Sani, ni a waya na kalla,
Ban ji ƙugin ba, ina son amsa.

Sani Mai Sauti, Kawo

Ƙanwata Ummi, ba ki yi kuskure ba,
Lasifikar waya ba ta kai nan ba,
Ƙugi mai kauri bai sami ƙofa ba,
Siririn kawai take fitarwa a sauti.

Mai haɗawa na da wuƙar yankewa,
Ƙarar da ke ƙasa da bugu 80 a daƙiƙa yake sharewa,
Kaurin ƙugin ne ke raguwa,
Saura ya riga ya cakuɗe da sauti.

Shi ya sa a fili ake gyarawa,
Mai ɗauka da abin ji yana saurarawa,
Ya ji babur ya ce a dakata da farawa,
Ko darakta ya ɓata rai, a jira sauti.

Malam Garba, Tudun Wada

Sani, na sa abin ji na koma,
Ban iya musa maka ko ɗaya ba.

Ummi, tumunin nan ya yi min ciwo,
Marubucin bai cancanci haka ba.

Mai fassara ya zauna da malamin gado,
Awa 1 ba ta fi ƙarfinsu ba.

Amma ina nan a kan shawarata,
Laifin janareto bai sa na janye ba.

A kalla a lasifikar waya kawai,
Ƙugin ba zai dami kowa ba.

Mai jin Hausa ya bi bakin malam,
Rubutun ƙasan bai zama hujja ba.

Ku tsaya a fagen sa hannu a takarda,
Inda auta ba ta ce uffan ba.

Biro a hannunta, yaya na jira,
Ta kalli uwar, ba ta rubuta ba.

Rabi, ki faɗa mana yadda aka yi shi,
Don ban ga inda aka yanka ba.

Anti Rabi, Unguwar Rimi

Malam, fagen nan ɗauka guda ce,
Kyamara bisa ƙafafunta ta zauna.

Gilashi mai jawo nesa suka sa,
Baya ya dushe, hannun ya bayyana.

Da ta ɗago kai aka murɗa saiti,
Daga biro zuwa ido, a tsanake, da auna.

Taga guda ce ta ba su haske,
Daga hagu, ba ƙwan da aka kunna.

Ba ƙwai, ba a tada janareto ba ke nan,
Sani, koma wajen ka zauna.

Har ƙarar ajiye biron za ka ji,
Da numfashin uwar, kafin a yi magana.