Mai gyara ya ce boilarmu ta gama yawo, in yarda ko in nemi wani?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Shawara nake nema da gaggawa, sanyi na neman kassara mu.

Shekara huɗu ke nan da muka sayi gidanmu a Manchesta, irin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, ɗaki uku. Boilar da muka tarar, wato na'urar gas da ke dafa ruwa tana dumama gida, tun 2003 aka kafa ta, da tankin ruwan zafinta a kabad ɗin sama. Ta daɗe tana gurnani kamar gingimari ta ɗauko kaya a kan tudu, har mun saba. Ranar Litinin da asuba na murɗa famfo zan yi alwala, ruwa kamar daga firji. Na kira wani kamfani da na gani a intanet. Yaron da suka turo bai yi minti goma ba: ya cire murfi, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce akwai haɗari, ya kashe ta ya manna mata takarda. Ban gama tambayar mene ne ya lalace ba ya zaro waya yana nuna min hoton sabuwa, fam 3,400, wai in na ba da rabi yau gobe da safe za su zo.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda farashi ya riga bayani fitowa daga bakinsa. Na girma a Kano, na san bakaniken da za ka kai wa mota saboda fulogi ya ce sai an sauke inji.

Maigidan yana gida jinyar Hajiyarsu. Da na kira shi sai ya ce akwai wani ɗan uwa da suke haɗuwa a masallacin Juma'a, zai saka mana sabuwa a fam 1,700, kuɗi hannu, ba sai an yi takarda ba, ai naka sai naka. Yanzu kwana uku ni da yara muna ɗaki ɗaya da hita ta lantarki, ruwan wanka a butar shayi nake dafawa. Wanne zan bi?

Bazazzagi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba Hajiya babba lafiya. Na fam 1,700 ɗin nan, don girman Allah ki ajiye shi gefe tukuna. Ba na zargin mutumin, ban san shi ba. Amma a ƙasar nan doka ta hana kowa yin sana'ar gas sai mai rajista da Gas Safe, rajistar masu aikin gas ta hukuma, wadda ta gaji tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Mai rajista yana da kati da hotonsa da lamba, a bayan katin an jera irin aikin da ya cancanci yi, don akwai wanda aka yarje wa kukar girki amma ba a yarje masa boila ba. Ki ce ya turo hoton katin, ki duba lambar a shafinsu, minti biyu ne. In ya ji haushi, kin sami amsarki.

Mun sha jin labarin iyalan da suka kwanta da janareta a cikin gida ko kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, gari ya waye babu mai motsi. Iskar nan dai ce, kabon monoksaid, boila ma tana fitar da ita in ba ta ƙone gas yadda ya kamata ba. Ba ta da wari, ba ta da launi.

Ga kuma maganar takarda. Duk wanda ya kafa sabuwar boila dole ya sanar da hukuma cikin kwana 30, a aiko miki da satifiket. Ranar da za ku sayar da gidan lauyan mai saye zai tambaye shi. Kuma garantin kamfanin da ya ƙera ta ba ya hawa kan aikin da mara rajista ya yi.

Mai Sifana:

Anti, sana'ata ke nan, shekara goma sha ɗaya ina yin ta a Bamingam, don haka bari in ɗan kare abokan aikina kafin in tona mana asiri.

Yaron nan mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Boila mai shekara ashirin da ɗoriya ta ci kuɗinta. Kuma in na ga haɗari na juya baya na tafi, wani abu ya faru, ni za a kama. Matakin haɗari biyu muke da su: wanda zai iya zama haɗari nan gaba, da wanda haɗarin yana nan a yanzu. Duka biyun sai da izinin mai gida muke kashewa, kuma ba manna takarda kawai ake yi ba, akwai takardar gargaɗi da ake rubuta ainihin laifin a ba ki a hannu. Ya ba ki? Me ya rubuta? In bututun hayaƙi ne ya saki, ko robar da ke toshe bakin murfi ce ta ruɓe, waɗannan abubuwa ne da ido ke gani, sai ya kira ki ya haska miki da tocila. Kada dai ki sake kunna ta kafin wani mai rajista ya duba.

To ga asirin. Wasu kamfanonin suna ba ma'aikaci kamasho a kan duk sabuwar da ya sayar, gyara kuwa ba ya kawo masa komai. Shi ya sa hannunsa ke saurin kaiwa aljihun waya.

In dai sauyawar za a yi, wanda ya ba ki farashi bai zagaya gidan ba kada ki saurare shi. Ni in na shiga gida sai na ƙirga lagiretocin bango masu dumama ɗaki, na tara bokiti a famfon kicin na ga lita nawa yake zubarwa a minti ɗaya, na bi bututun gas tun daga mita. Tsofaffin gidaje da yawa siririn bututu ne mai milimita 15, sabuwar kombi kuwa sau da yawa sai an ja mata mai 22. Kombi ita ce wadda ba ta da tanki, tana dafa ruwa nan take in an buɗe famfo, kuma girmanta, kilowat 24 ko 30, saboda ruwan wanka ne, dumama gida irin naku ba ya cin rabin haka. In ruwan layinku ba shi da ƙarfi, ko an saka miki babba ba za ki ga amfaninta ba.

Abu biyu su shiga cikin rubutaccen farashin: wanke tsatsar da ta taru a bututai tare da saka matata mai maganaɗisu, sai kuma inda za a bi da bututun ɗigar ruwa. Tun 2005 doka ta ce sabbin boilolin gas su zama masu tatse zafin hayaƙi, shi ya sa suke ɗigar da ruwa. A sanyin ƙarshen Fabrairun 2018 kwana na yi ina yawo gida-gida da butar ruwan ɗumi, boiloli lafiyarsu ƙalau, bututun nan ne kawai da aka bi da shi ta waje ya daskare. In da hali a bi da shi ta cikin gida.

Hajiyar Landan:

Ƙanwata, ni ba zan yi miki dogon turanci ba. Ɗan uwa na ba aikin banɗakina, ya karɓi kuɗi ya bar min rabin tayil, yau shekara biyu in mun haɗu wurin suna sai gaisuwa da murmushi, ban iya cewa uffan saboda matarsa ƙawata ce. Bare in ya ɓata miki kina da inda za ki kai ƙara. Kada ki ba kowa rabin kuɗi a hannu. Ki biya kafin alƙalami da katin bashi, in abin ya haura fam 100 doka ta ɗora wa bankin alhaki tare da mai aikin. Masu gudun riba irina, sai ki mayar da kuɗin kafin wata ya ƙare.

Ɗan Damagaram:

Ba wanda ya ambaci tallafin gwamnati na fam 7,500 ga mai son komawa na'urar nan ta lantarki da ke zuƙo zafi daga iskar waje. Na san ba aikin kwana biyu ba ne, ga yara cikin sanyi, na dai faɗa ne.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga yadda aka kwana.

Malam Bazazzagi, na nemi katin. Sai ɗan uwan ya ce wai na abokinsa yake amfani da shi. Na ce to Allah Ya taimaka. Maigidan ya ɗan yi fushi, ya ce na kunyata shi, na ce in ya dawo ma ƙarasa.

Injiniya Mai Sifana, na duba jakata, ashe yaron ya ba ni takardar, ruɗewa ce ta sa na cusa ta ban karanta ba. Maƙwabciyata ta haɗa ni da wani dattijon Bature da ya yi mata tata. Tun daga ƙofa ya miƙo min katinsa ban tambaya ba, ya ga jerin takalma ya tuɓe nasa. Ya fi awa guda a gidan. Ya kira ni ya ɗora min robar murfin a tafin hannu, tana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, sannan ya haska min inda ruwa ke tsattsafowa a ciki, duk ya yi kore. Abin da yaron ya rubuta ke nan daidai, har na ji nauyin zaginsa da na yi ta yi a zuci. Dattijon ya ce robar ba tsada, amma wancan ɓangaren ko ya samo shi ba zai karɓi kuɗina a kansa ba, don gyaran asara ne.

Farashinsa na sabuwa fam 3,150, a rubuce, da jan sabon bututun gas, da wanke layi, da matatar, da ƙararrawar kabon monoksaid. Bambancin da na kamfanin bai taka kara ya karya ba, amma shi na ba. Ya tara bokitinsa a famfo kamar yadda ka ce, har 'yan biyuna suna ƙirga masa daƙiƙa. Ranar Asabar zai zo da yaronsa, ya ce in kwashe kayan kabad ɗin sama don tankin zai fita. Ya bar mana aron hita biyu kafin nan.